Kwana Huɗu da Tururuwa Uku

Shekarar da aka kawo shari'a 'yar farina ta yi haihuwa ta biyu a Daura, na taso daga Sandamu don in yi mata wankan jego. Wata la'asar ina dama mata kunun kanwa, aka nuno wata dabbar teku a talabijin, can ƙasashen ƙanƙara. Jiki ɓulɓul, babu ƙafa. Namijin yana hura wata jaka a saman hanci, ta kumbura kamar hula. Dariya ma na fara yi.

Ita ta yi boko, tana fassara mini. Ta ce macen kwana huɗu kacal take shayar da ɗanta, sai ta faɗa ruwa, ba ta ƙara waiwayarsa. Ta gyara jaririn a cinya, tana murmushi.

"Yaya, ashe kina da 'yar'uwa a teku."

Yaya take ce mini. Inna kuwa uwar mijina take ce wa, wadda ta raine ta. Abin da aka gaya mata ke nan: kwana huɗu na ba ta nono na janye.

Ga yadda aka yi. Ranar kwana na huɗu ungozoma ta tatsi nonona a ludayi, ta jefa tururuwa uku, don a gane ko yana da kyau. Aka zuba ido. Biyu suka nutse, ɗaya ta yi ta fama har ta gaji. Aka ce nonon mugu ne, zai kashe yarinya. Uwar mijina ta ɗauke ta, aka koma ba ta na akuya. Ni ina ɗaki ƙirjina ya cika, zane ya jiƙe, ina jin kukanta ta bayan zana. Ɗan fari ba a nuna son sa, ko sunanta ba na faɗa, balle in yi gardama.

Sai da na shiga ajin yaƙi da jahilci malamar ta ce mana tururuwa ko a ruwan rijiya ka jefa ta nutsewa za ta yi.

Na ajiye muciya na fara gaya wa 'yar tawa yadda aka yi. Ban kai ga zancen ludayin ba ta ce ai wasa take yi, abin ya wuce, Allah ya jiƙan Inna, ta sha wahalarta. Ta ƙara muryar talabijin.

Na miƙa mata kunun. An bar ɗan dabbar shi kaɗai a kan ƙanƙara, ba su nuna inda uwar ta tafi ba.