Ɓarayi Sun Tafi da Kwango, Aikina Yana Lalita

A lokacin ni matashiya ce mai ɗaukar hoton biki a ɓangaren mata, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ga rawar kai ga baki. Jarina kyamara da wata tsohuwar laftof. Da ma'ajiyar cikinta ta mutu, mai gyara a Tarauni ya ce irin tata ta yi wuyar samu, amma zai ɗora min babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta a kan faifan ajiya na waje, wanda ake jonawa da igiya. Ya nuna min maɓallin da zan danna da zarar na kunna, in zaɓi faifan, kwamfuta ta tashi daga kansa. Duk aikina ya koma can. Ƙawayena suka samu abin tsokana, wai laftof ɗina tana kwance ana yi mata ƙarin ruwa. Don kada ya bugu a jaka, a lalitata nake ajiye shi, ƙarƙashin hijabi.

Na ɗauki bikin wata amarya a Babban Giji, na juye hotunan a faifan, na goge katin kyamara. Bayan 'yan kwanaki mahaifinta ya rasu. Ta kira ni tana kuka, ta ce ba ta son komai sai hoton da ya riƙe hannunta yana yi mata nasiha, domin mutum ne da ba ya yarda a ɗauke shi, wannan kaɗai suke da shi tare. Na suri jakar laftof na tare adaidaita sahu zan je wajen wankin hoto, ban ko kalli samari biyun da ke ciki ba. Muna shiga wani lungu ɗaya ya zaro wuƙa, suka karɓe jaka da waya, suka sauke ni. Na durƙusa bakin titi ina salati, ina tunanin da wane baki zan gaya wa marainiya, sai na ji abu ya tokare min ciki. Faifan ne a lalita, wallahi firgici ya sa na manta da shi.

Maƙwabciyata, wata malamar makaranta 'yar Filato, ta ara min kwamfutarta tana roƙon kada in hargitsa mata kaya. Na ce ko hanyarsu ba zan bi ba. Na jona faifan, na kunna, na danna maɓallin. Komai ya buɗe yadda na bar shi. Ihun da na yi sai da ya fito da mutanen gidan tsakar gida.

Na yi nasara, amma Allah ne ya rufa min asiri, ba wayona ba. 'Yan'uwa masu riƙe amanar mutane a na'ura, ku raba faifai da jaka, kuma kada ku goge komai sai kun ajiye shi wuri biyu, don ba ku san nauyin abin da kuke ɗauke da shi ba. Ni ma ban sani ba sai da na miƙa wa amarya hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe murmushi Baba yake yi, ita ranar kanta yana ƙasa tana kuka, ba ta gani ba.