Lauyoyi Biyu a Tebur Ɗaya

Mahaifina, Asahel Varney, ya iso Wexley ta jihar Indiana tun garin bai wuce bukkokin gungume jefi-jefi a bakin kogi ba. Daga gabas ya taho a kan doki, da littattafan shari'a a jakar sirdi da baki kamar reza. Kafin a gina kotu, a shagon maƙeri ake zaman shari'a, kuma in aka ce Varney zai yi magana, manoma kan jingine garma su taho da iyalansu da burodin masara a ƙunshe, don ba mu da abin kallon da ya wuce wannan.

Bazara da kaka yakan bi Alƙali Tarbox zagayen garuruwa, su keta taɓo tare, su kwana gado ɗaya a masauki. Uwarmu Mehitable ta haihu shida, ta binne huɗu, yawanci yana can yana kare wani. Da zazzaɓi ya ɗauke ta, sai muka rage ni Keziah, da ban yi aure ba, kuma kada wanda ya tambaye ni dalili, da ƙanena Lucius. A ofishin Baba Lucius ya koyi aikin har aka naɗa shi lauyan gwamnati. Lauyoyin garin ke nan kaf, uba da ɗa. Su yini suna yagar juna a kotu, su dawo su ci wakena da naman alade a tebur ɗaya.

Ni na fara lura. Ya soma kirana da sunan uwarmu. Wata rana na tsince shi a ƙofar maƙera yana tambayar me ya hana kotu zama. Abin takaicin shi ne harshensa bai tsufa ba. Zai gaishe ka, ya tsokane ka, ya jawo maka ayar doka ba gargada, ka tafi kana cewa tsoho yana nan da ƙarfinsa. Ba wanda ya san bayan ka juya ya manta da kai.

Ana haka aka kama Obed Crane, wani manomi mai 'ya'ya ƙanana, da dokin sata a garkensa. Ya ce saya ya yi a hannun wani matafiyi, kuma mai kwalekwalen fito, Jethro Pell, ya ga cinikin da idonsa. Shari'ar da ko ɗan koyo zai ci: a kira Pell kawai. In ba a kira shi ba kuwa, kurkuku ne na shekaru. Obed ya ɗauki Baba.

Na je har ɗakin da aka tsare shi. Na ce, "Obed, lauyoyi za su zo tare da alƙali, ka ɗauki ɗaya cikinsu. Baba ba ya jin daɗi."

Ya yi dariya. "Haba, 'yar Varney. Jiya ya zo nan, ya fi ni lafiya. Kin taɓa jin an ɗaure wanda ubanki ya tsaya wa?"

Lucius ya sami Alƙali Tarbox a keɓe ranar da ya iso, ya roƙe shi ya hana Baba tsayawa a shari'ar. Alƙalin ya ce shi kam ba zai tuɓe wa Asahel riga a bainar jama'a ba, kuma doka ba ta ba shi ikon zaɓar wa mutum lauya ba. Da yamma a kan tebur Lucius ya gwada da kansa.

"Baba, da ka bar wannan shari'ar ka huta."

"Keziah, kin ji ɗan'uwanki? Cikinsa ya ɗuri ruwa. Yaro, in tsoro kake ji, ka ce ciwon ciki ya kama ka, ni zan ba da shaida."

"Ba wasa nake ba, Baba."

"Ni ma haka. Miƙo gishiri."

Da safe ina gyara masa wuyan riga ina nanata masa: Jethro Pell, mai fito, ka kira shi. Ya ce yaushe na zama lauya.

Kotu ta cika maƙil. Lucius ya gabatar da ƙararsa a gurguje, murya ƙasa-ƙasa, ya zauna. Pell yana benci na biyu, hula a gwiwa, yana jira. Alƙali ya tambayi Baba ko yana da shaida. Ya ce ba shi da buƙata. Lucius ya zabura ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ina jin akwai mutum a nan da..."

"Zauna, yaro, ka gama naka," in ji Baba. Kotu ta fashe da dariya. Ina bencin mata a can baya, inda mace ba ta da baki. Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu.

Sai ya juya ga mutum goma sha biyun da za su yanke hukunci, ya soma. Ban taɓa jin ya yi magana mai daɗin ta ranar ba. Amma wuƙa yake ambata, da gawa a bakin kogi, da wani Silas da ba shi da laifi. Tsofaffi suka fara kallon juna. Shari'ar kisa ce da ya ci tun ina goye, Silas ɗin ma ya daɗe da mutuwa. Obed ya ja masa riga, Baba ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kwantar da hankalinka, Silas." Doki ko sau ɗaya bai fito daga bakinsa ba. Wasu cikin mutanen nan har da hawaye, amma da abin da aka sa a gabansu suka yi aiki. Aka yanke wa Obed shekara huɗu. Lucius ya fita ta ƙofar baya, na ji shi yana amai a gindin bango.

Na riƙo hannun Baba muka nufi gida, yana ta annashuwa, yana tambayata ko na ga yadda ya sa su kuka. A ƙofarmu muka tarar da matar Obed, jariri a kafaɗa, sauran suna riƙe da zanenta. Ta zo jin ko da sauran abin yi. Kafin ta buɗe baki Baba ya cire hularsa, ya ɗan rusuna.

"A'a, baiwar Allah, ba sai kin yi godiya ba. Maza je ki ɗora tukunya, mijinki na hanya da yunwa."

Ta dube ni. Na buɗe wa Baba ƙofa ya shige, ni kuma na tsaya a waje tare da ita.