Baba Rufus Zamani da Katangar Majami'armu

A ranar Talata, sha uku ga watan Satumba na 1977, wajen ƙarfe goma na safe, ina cikin aji aka aiko mini da labarin cewa Baba Rufus Zamani, dubagarin tituna na Kafanchan, ya rasu. Kwana tara ya yi a kwance. Sanyi ne ya shige shi a ƙirji, bayan ya sauka cikin kwalbatin hanyar kasuwa da kansa, ruwa har ƙugu, don ya nuna wa leburori inda ya toshe. Shekarunsa hamsin da takwas. Ya bar matarsa, Mama Martha, da 'ya'ya biyar.

Sunana Meshak Kambai, malamin makaranta, kuma magatakardan ikilisiyar da marigayin yake sujada. Akwai mutane da yawa da suka fi ni cancantar rubuta wannan ta'aziyya, amma babu wanda ta zama wa dole kamar ni.

Baba, duk wanda ya zauna a garin nan ya san ka. Kullum da sassafe kana tafe kana tura keke, domin ka ce wanda yake bisa keke ba ya ganin rami. Sandar ƙarfe tana hannunka ta zungurar lambatu, tef ɗin awo yana aljihun kaki, gwangwanin jan fenti yana rataye a kan keken. 'Yan kasuwa suka sa maka suna Baba Ja-da-Baya, saboda ba ka wuce teburin da ya ci hanya ba tare da ka ce, "A ja da baya kaɗan, mutane su wuce." Doka ta ba ka ikon kwashe kayan mai taurin kai, amma ban taɓa jin ka kwashe na kowa ba. Akwai wata tsohuwa mai kunu da ta kafa tukunyarta daidai kan kwanar tasha. Ta zage ka tas a gaban jama'a. Kai kuwa ka ɗauki bencinta a ka, ka kai mata gindin mangwaron da ke tsallake, sa'an nan ka zauna ka sha kununta a gaban direbobi har kwana uku, sai da suka saba da sabon wurin.

Shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama, mako guda cur ka yi kana tsayawa a ƙofar makarantarmu safe da rana, kana tsallakar da yara, don har manya ma sun rikice da inda mota za ta ɓullo. Ba wanda ya sa ka. Haka kuma ka yi ta zirga-zirga kana roƙon tsofaffin katakai, har ka rufe buɗaɗɗen lambatun da makafi ke bi zuwa kasuwa.

Waɗannan kowa zai iya ba da labarinsu. Abin da ya rage ni kaɗai zan iya faɗa.

Da ranin 1975 ikilisiyarmu ta tashi kewaye majami'a da katanga. Ranar da aka haƙa tushe ka zo, ka duba, ka kira ni na riƙe maka bakin tef. Muka auna sau biyu. Tushen ya shiga cikin hanyar masu tafiya a ƙasa da ƙafa huɗu. Idan aka gina, mata masu kaya a ka da 'yan makaranta dole su sauka kan kwalta, inda manyan motocin citta da na katako ke wucewa. Sau uku ka je gaban dattawan ikilisiya. Ka ce a ja da baya tun ba a yi nisa ba, kai ma za ka riƙa zuwa ɗibar bulo kowace Asabar. Aka ce maka filin Allah ba a auna shi da tef. Da katangar ta kai kafaɗa, ka zo ranar wata Litinin ka shafa mata jan fenti, alamar rushewa, yadda kake yi wa ta kowa. Bayan mako biyu aka rushe ɓangaren da ke bakin titi.

Dattawa suka kira ka. Aka ce ka ɗaga hannu a kan ɗakin Ubangiji, ka kunyata mu a idon gari. Ba ka yi doguwar magana ba. Ka juyo wajena ka ce, "Meshak yana nan, shi ya riƙe mini tef. Ɗana, faɗa musu abin da ka gani."

Na sunkuyar da kai kan littafin taro, na ce, "Baba, ni rubutu aka sa ni."

Watana huɗu ke nan da zama magatakarda, kuma dattijon da ya jagoranci ginin surukina ne, uban matata. Dalilina ke nan, ba ni da wani. Ka dube ni, sa'an nan ka ɗauki hularka ka fita.

Aka yanke maka horo: ba ka cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon tarayyar masu bi, ba ka magana a taro, wurin zamanka bencin baya, har ranar da za ka furta laifinka a gaban jama'a. Ni na rubuta takardar. Ni kuma na karanta ta ranar Lahadi, da muryar da nake koyar da yara faɗin gaskiya.

Na ɗauka za ka koma wata ikilisiya, tunda ba su da wuya a Kafanchan. Ba ka koma ba. Asabar ɗin da aka fara sake ginin a inda ka nuna, ka zo da tsofaffin kaya ka yini kana ɗibar bulo, ba wanda ya ce maka sannu. Shekara biyu da wata uku ka yi a bencin nan na baya, kusa da ƙofa. Ranar Jibi, idan aka ce waɗanda ba sa ci su fita, kai ne na farkon tashi. Kuma ko sau ɗaya ba ka fasa gaishe ni ba, kana tambayar lafiyar matata da yara da sunayensu. Da ka ɗaure mini fuska, da abin ya zo mini da sauƙi.

A watan Agustan da ya wuce ka same ni a makaranta lokacin tara, da gwaiba a ƙunshe cikin takarda. Ka yi mini magana da yarenmu, abin da ba ka cika yi a wurin aiki ba. Ka ce, "Ka sa maganata a taron watan nan. Ina so in ci Jibi kafin Kirsimeti. Zan furta cewa na ɓata wa 'yan'uwa rai, wannan gaskiya ce. Amma ba zan ce katangar tana daidai ba."

Na yi maka alkawari. Na kuwa sa maganar, amma a can ƙarshen jeri, don na san zancen rufin kwano zai cinye lokaci. Haka aka yi. Aka ɗaga taka zuwa Oktoba, na koma gida ina jin kamar an sauke mini kaya.

Ranar da ka rasu, da la'asar, dattawa suka taru cikin ruɗu, domin a dokarmu akwatin gawar wanda yake ƙarƙashin horo ba ya shiga majami'a. Aka kawo shawarar a rubuta takardar ɗage horon, a sa mata kwanan watan Agusta, a ce wajen isar da ita ne aka yi jinkiri. Na rubuta. Na kai wa Mama Martha tana zaune a tabarma cikin matan zumuntar ikilisiya. Ta karanta har ƙasa, ta ninke, ta miƙo mini.

Ta ce, "Malam, shekara talatin da huɗu ina tare da mutumin nan, bai taɓa gyara lamba don wani ya ji daɗi ba. Ba za a fara a kan gawarsa ba. A yi masa addu'a a gida."

A tsakar gidanka aka yi. Wurin bai ɗauki mutane ba. Leburorinka sun zo, da mahauta, da direbobi, da matan kasuwar da suka sha faɗa da kai. Mu kuwa, ni da dattawa, muka tsaya a baya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Lahadin da ta biyo, na miƙe bayan wa'azi na faɗa wa ikilisiya abin da na gani a kan tef, da abin da na ƙi faɗa, da yadda na jera maganar taron Agusta. An ɗage horon a ranar, da kwanan watanta na gaskiya, kwana biyar bayan ka daina bukatar hakan. Surukina bai yi mini magana ba har yau. Na je na durƙusa gaban Mama Martha na roƙi gafara. Ta ce ta ji, amma in ba ta lokaci. Tana da gaskiya, kuma zan jira.

Baba, kai ba zan iya roƙonka ba. Na samu dama kowace Lahadi, tsakanina da kai taku ashirin ne, ban taka ba.

Ubangiji Allah Ya karɓi bawansa Rufus Zamani cikin jinƙai, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya ba shi hutawa a wurin Almasihu da ya dogara gare shi. Ya ta'azantar da Mama Martha, da babban ɗansa Jonathan da ƙannensa huɗu, da dangi na nan da na Zonkwa, da abokan aikinsa, da dukan mutanen Kafanchan. Ya ba su ƙarfin zuciya a wannan rashi. Mu kuma da muka san gaskiya muka yi shiru, Ya yi mana jinƙan da muka hana bawansa. Amin.