Yadda Akwatina Ya Dafa Ƙwan Zabin Matan Guna

Ina gaida edita da masu karanta wannan shafi, ina kuma roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne da bai daɗe da gama karatun odinata, wato kwamfuta, ba, ina zaune gidan mahaifina a Kara-Kara, cikin Damagaram, ba ni da aiki sai gyaran na'urorin mutane. Ina ji da kaina ba kaɗan ba. A ganina duk abin da hannuna ya rubuta ya gama kyau.

Gwaggona, ƙanwar babana da ke aure a Guna, tana cikin wata ƙungiyar mata masu kiwon zabi. Zabuwa ba ta da haƙurin kwanci, don haka kaji suke sa wa ƙwan, kaza kuwa ba ta ɗaukar da yawa. Sai na yi musu alkawarin akwatin ƙyanƙyasa. Na haɗa shi da katako, da fitilar ɗumama, da batir mai cin hasken rana, da wata 'yar odinata kamar tafin hannu. A jikin farantin ƙwan na maƙala ma'aunin zafi. Shi ma'aunin ba ya magana da odinata sai ta wani ɗan shiri da muke kira pilot, wanda ke zaune can cikin zuciyar tsarin, inda idan abu ya yi tuntuɓe na'urar gaba ɗaya ke sandarewa. Ni na rubuta wannan pilot ɗin.

Tun a gida na ga ya sandare mini jefi-jefi. Na ƙara masa layukan umarni a cikin shirin don ya riƙa faɗin duk matakin da ya taka, sai sandarewar ta ɓace ɓat. Ban tsaya na tambayi kaina dalili ba. Na ce ya warke, na goge layukan don kada su cika ma'ajiya, na ɗaura akwatin a bayan moto, wato babur, sai Guna. Damina ta zauna, zabi suna ta zuba ƙwai, mata suka kawo nasu, kowace ta yi wa nata alama da gawayi.

Ba a yi nisa ba gwaggo ta kira ni, muryarta a sanyaye, ta ce akwatin ya yi zafi kamar tanda. Na'urar ta sandare alhali fitila na kunne, ba mai kashe ta, ƙwan duka ya dahu. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na so in ɗora laifin a kan zafin gari ko batir, amma na san na taɓa ganin ciwon nan da idona na rufe shi. Da na isa Guna, gwaggo ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce sauran mata sun koma wa kajinsu, kuma da ruwa ya ɗauke zabi za su daina ƙwai, saura zubi ɗaya ke nan a shekarar. Za ta tara nata ita kaɗai ta ba ni. Sannan ta dube ni ta ce, “Ɗana, ni na tsaya maka a gabansu. Idan waɗannan ma suka dahu, kai za ka je ka tsaya.”

Na tare a Guna, na ce ba ni komawa gida sai na kama ciwon nan. Saƙon ƙarshe da na'urar ta bari ya nuna pilot ya je karanta wani gurbi a ƙwaƙwalwa da aka riga aka kwashe. Amma ba a kwashe gurbin nan sai an cire ma'aunin, kuma kowa ya rantse ba wanda ya taɓa waya. Na zauna kwanaki ina zura wa akwati ido, shi kuwa lafiya lau, kamar yana mini dariya. Da dabara ta ƙare na roƙi gwaggo ta nuna mini yadda suke juya ƙwai. Ta yi bisimilla, ta zaro farantin gaba ɗaya ta ɗora a cinya, don su ba sa juya ƙwai sai sun ga alamar kowace. Ni kuwa a gida da ƙyar nake jan shi rabi. Ina kallo wayar ma'aunin ta miƙe, ta saki, ta sake kamawa.

Nan na gane. Ayyuka biyu ne ke gudu lokaci guda a cikin pilot: ɗaya yana zuwa karanta zafi a kai a kai, ɗaya yana share wuri da zarar ma'auni ya ɓace. Yawanci ba sa haɗuwa. Ranar da suka haɗu, mai shara yakan janye tabarma daidai lokacin da mai karatu zai zauna. Layukan da na ƙara a gida jinkirta su kawai suka yi har suka daina karo. Na sa karatun ya riƙa zuwa da sauri, na dinga zaro farantin ba komai a ciki ina mayarwa, har hannuna ya yi tsami, sai ga shi ya sandare. Na sake, ya sake. Ban taɓa murnar lalacewar abu irin haka ba. Na sa kulle tsakaninsu, mai shara ba ya taɓa komai sai ya dakatar da mai karatu ya jira shi ya gama. Na tsawaita wayar, na kuma sa wani makashi daban da zai yanke fitila idan zafi ya wuce kima, ko odinata na raye ko ta mutu.

Bayan kusan wata guda ƙwan gwaggo ya fashe, tsakin zabi suka cika kwando. Na yi godiya ga Allah, amma murnar ba ta cika ba, domin sauran matan sun yi asarar mafi yawan ƙwan shekararsu, wasu har yau ba su sake kawo mini ko ɗaya ba.

Jan hankalina ga 'yan'uwana masu wannan sana'a shi ne, matsalar da ta ɓace ba ka san dalili ba, tana nan tana jira. Kada ka ce ka gyara sai ka iya tada ita da hannunka, ka kuma je ka ga yadda masu abin suke taɓa shi a gidajensu. Har gobe idan na shiga Guna akwai tsohuwar da ke tambayata ko na zo da gishiri da yaji, ni kuma sai in sunkuyar da kai in gaishe ta.