Dattijo Mai Rawa a Kan Tayil

Ku matso ku zauna, ku ji abin da ke faruwa a layin masu tayil na Sabon Gari. Wani dattijo ne siriri, da gani tsohon malamin makaranta, sanye da kwat ɗin zuwa coci, ga buta a hannu. Duk tayil ɗin da aka miƙo masa sai ya ajiye a ƙasa, ya tsiyaya ruwa don gwada santsi, ya hau ya kama rawa, fuska a murtuke.

"Baba, lafiya?" in ji mai shago.

"Lafiya lau, ɗana. Matan Zumunta na cocinmu a tsakar gidana suke koyon waƙa, sun cinye daɓen siminti da diddige. Uwargida ta ce in ya sake fashewa, lambun tumatirina za su koma."

Ya sake dirawa. Tayil ya ce ƙas!

"Ka gani? Ni kaɗai ke nan, Lydia mai ba da waƙa ba ta hau ba. Kawo na dutse."

Mai shago ya bi ɓaraguzai da kallo. To, ku faɗa min, wane dutse ne zai iya da matan nan in waƙa ta yi daɗi?