Gwajin Ido a Layin Koko

Wani saurayi yana gabana a layin koko a unguwar Maamobi, sanye da baƙar kwat wadda da gani ba don shi aka ɗinka ta ba. Takalminsa na sheƙi, fuskarsa kuwa babu tsoro babu ɗoki. Ina jin ba yau ya fara irin wannan fitar ba.

Da layi ya zo kansa, sai ya ɗaga kai ya kafa wa Mma Ayishetu mai koko ido.

"Kai, ɗan gidan wa ne? Ƙaho ka gani a kaina?"

"Yi haƙuri, Mma, gwaji nake. A ofishin shirin neman aiki na jami'armu aka ce wanda bai kalli manya cikin ido ba a intabiyu, ba za a ɗauke shi ba. Yau ina da ɗaya a unguwar Circle. A na baya duk ƙasa na riƙa kallo."

Ni kuwa sai na tuna, kakata takan ce kakanmu ya yi wa Bature gadi har tsufa bai san launin idonsa ba, kuma da alfahari take faɗa. Haka aka raine mu.

Mma ta ajiye ludayi. "To, ni ce manaja. Dube ni, ka faɗi sunanka."

Ya dube ta ya ce, "Mutawakilu," amma kafin ya kai ƙarshen sunan, idonsa ya koma kan bokitin koko.

"Sake," in ji ta.

Duk layin muka tsaya jira, ba wanda ya ce ta yi sauri.