Kajin Gwaggo da Ƙwayoyin Awo

Har yau idan na buɗe robar ƙwayoyin da muke raba wa mata masu zuwa awo, warin ƙarfe-ƙarfen nan ya bugi hancina, sai in gan ni a tsakar gidanmu na Dagumawa, tsugune gaban dutsen niƙa. Kada ka ce in manta, mai karatu. Na gwada, abin ya ƙi.

Ina 'yar shekara tara Inna ta samu cikin ƙanena. Damina ce, gero ya kai ƙugu, rumbu kuma ya yi ƙasa. Inna takan je awo cikin Wudil ta dawo da ƙwayoyi iri biyu, wata ja, wata 'yar mitsitsiya ruwan ɗorawa. A zaure Gwaggo ke tare ta. Gwaggo yayar Baba ce, mijinta ya rasu ta dawo gida, kuma a gidan nan in ta yi magana an gama.

"Miƙo nan," in ji ta. "Ƙiba yake sa ɗa a ciki, sai an farke ki kamar buhu. Mu da muka haifi takwas me muka sha?"

Ƙwai ma ta hana, wai ɗan zai tashi ɓarawo. Inna mai kunyar dangin miji ce, ko ido ba ta ɗagawa. Tana cikin daka jiri zai ɗebe ta, ta dafa turmi, tafin hannunta fari fat.

Kana tsammanin zubar da ƙwayoyin Gwaggo take yi? Ina! Gwaggo ba ta asara. Tunda maganin ƙiba ne, ai kajinta sun fi kowa buƙata. Ni take sawa in niƙe ƙwayoyin a dutse, in kaɗa a kaskon ruwansu, ranar Juma'a kuma ta aika da ƙwai da zakaru kasuwa tana yabon kiwonta. Da hannuna na shayar da kaji rabon uwata da na ƙanena, kuma wannan ne ke ci mini rai.

Yaron ya zo ɗan ƙarami. Bai zauna da wuri ba, bai yi magana ba sai da ya shekara huɗu. Sa'o'insa suna wanke allo suna wucewa, nasa rubutun yana nan har tawadar ta koɗe. To wa ya fara kiransa gaula? Gwaggo. "A nono ya tsotsa," take faɗa gaban baƙi, "mu danginmu babu dolo." Inna ta haɗiye wannan magana har ta koma ga Allah.

Sai da na shiga makarantar unguwarzoma na ji malama tana cewa ƙwaƙwalwar ɗa tun a ciki take ginuwa, da abin da uwa ta ci da wanda ta sha. Na fita daga aji na yi kuka mai isata. Ba zan rantse ƙwayoyin nan kaɗai ne sanadi ba, Allah ne masani. Amma na san abin da aka hana shi, na kuma san wadda ta hana.

Yanzu zamani ya juya. Mata layi suke yi a gabana, babu mai tare su a zaure, Gwaggo ma ta sha jin bayanin a rediyo. Bana matar jikanta, wanda take ji da shi kamar tsoka ɗaya a miya, ta samu ciki. An ce rama cuta ga macuci ibada ce. Na zo na zube ƙwayoyin a tabarmarta.

"Gwaggo, ga maganin ƙiba. A ba amarya, ko in niƙa wa kaji? Dutsen yana nan."

Gwaggo ta ce, "Ki ba ta, don girman Allah."

"A'a. Da hannunki za ki riƙa ba ta kullum safe, da ƙwan kajinki biyu."

Haka kuwa take yi, ina kallo, kuma ban ɓoye miki ba ko maka, daɗi nake ji.

Shekaranjiya ƙanena ya kawo mata ruwan alwala, don duk gidan shi kaɗai ne ba ya gajiya da aikenta. Ta riƙe hannunsa ta ce ya yafe mata. Ya yi murmushin nan nasa ya ce, "Me kika yi mini, Gwaggo?"

Ta juyo ta dube ni, ko zan cece ta. Na gyara zama na ce, "Faɗa masa, Gwaggo. Fara daga zaure."